Wata takwas ina sayen hannun jari ta waya daga Birnin Kebbi: inda manhajar ta kyauta da inda ta bar ni a rana

Salamu alaikum jama'a. Tun ranar da wani abokina ya leƙa wayata a majalisa ya ga layukan kore da ja mutane sunka hana ni sakat, wai wace manhaja ce, ana samu kuwa, ba irin MMM ba ce da ta kwashe kuɗin mutane a 2016? To bari in yi bayani sau ɗaya kowa ya huta. Sunan manhajar dai ba zan faɗa ba don akwai ƙorafi a cikin maganata kuma ba wanda ya biya ni talla, amma ta wani kamfanin dillalan hannun jari ce da ke Legas mai rajista da hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jari, kuma kasuwar da take kai ka ita ce NGX, wadda iyayenmu sunka sani da kasuwar hannun jari ta Najeriya kafin a canza mata fasali a 2021. Ni ba ɗan boko ba ne can can, sakandare na gama, sana'ata sayen shanshera a ƙauyukan Argungu da Bunza da Suru in kawo ma masu injin casa, in kakar albasa ta zo kuma in leƙa Aliero, sannan ina ɗan taɓa noman rani a fadama. Don haka abin da zan faɗa ra'ayin ɗan kasuwa ne da ya sa kuɗinshi ya ɗanɗana, ba na malamin jami'a ba.

Rajista ba ta ba ni wahala ba gaskiya, nan kam sun yi ƙoƙari. BVN, NIN, ka ɗauki hoton fuskarka, sai takardar wuta da za ta nuna adireshi, ita ce ma ta ɗan tsayar da ni don mitar gidanmu sunan marigayi babanmu ke kai, sai da na tura wata takarda daga banki. Bayan kwana uku sai ga saƙo ya shigo da lambar CSCS da wata da ake ce ma CHN, lambar shaidarka a wurinsu. Wanga abu yana da muhimmanci, don CSCS ɗin nan su ne ma'ajiya, hannun jarin da ka saya da sunanka yake zaune a wurinsu ba a aljihun masu manhaja ba, ko kamfanin ya rufe gobe kana iya maida kayanka hannun wani dillali. Da can sai mutum ya yi tattaki zuwa Kaduna ko Kano neman ofishin dillali, yanzu ina zaune bisa buhu a kasuwa na gama komi. Saka kuɗi ma tiransifa ce kawai, minti biyu ka ga alat.

Matsalar ta fara ne daga wani babban lamba da suke rubutawa a gaban sunan kowane kamfani. Ka buɗe manhaja ka ga suna, ka ga farashi da manyan baƙaƙe, ƙasa da shi maɓallin saye kore shar. Duk mai hankali zai ɗauka wannan shi ne kuɗin kaya ko? To ba shi ba ne. Wannan farashin ciniki na ƙarshe ne da anka yi, wataƙila minti biyar da sunka wuce, wataƙila jiya, a wasu ƙananan kamfanoni ma wataƙila tun makon jiya. Kamar ka shiga kasuwar Jega ka tambayi nawa buhu a ce maka ai ɗazu wani ya saya dubu 40. To ɗazu kenan, kai yanzu nawa mai kaya zai sallama maka? Farashin gaskiya guda biyu ne kuma manhajar ta ɓoye su a wani ɗan shafi da sai ka danna wata ƙaramar kibiya kafin ka gan su. Ɗaya suna ce mashi bid, wato tayi, kuɗi mafi tsoka da wani mai saye ya taya yake jira. Ɗayan ofa, wasu na ce mashi ask, wato kuɗi mafi sauƙi da wani mai kaya ya ce a nan zai sallama. In za ka saya a take to a ofa za ka saya, in za ka sayar a take a bid za ka sayar, wancan babban lamban kallo ne kawai. Wallahi ranar da na gane haka dariya ta kama ni don takaici, abin da nake yi tun ina ɗan shekara 15, mai kaya ya yanka, ka taya, ya ce albarka, ka ƙara, ciniki ya faɗa, shi ne anka sa ma sunan Turanci har ya ci mani kuɗi.

Ga yadda ya ci. Sati na biyu da buɗe asusu na ga wani ƙaramin kamfani an rubuta naira 4.20, na yi lissafi a kai na ce in na ɗauki guda 20,000 naira 84,000 kenan. Wurin saye akwai zaɓi biyu, maket oda da limit oda, kuma manhajar da kanta ta riga ta zaɓa maka maket, ni kuma ban san bambanci ba na danna. Ko minti ɗaya ba a yi ba anka ce ciniki ya faɗa, har ina murna ina cewa kai abin nan akwai sauri. Da yamma takardar ciniki ta shigo imel, ita ce suke ce ma kwantirak not, na buɗe na ga layi uku maimakon ɗaya. Guda 3,000 a 4.25, guda 5,000 a 4.40, sauran 12,000 a 4.60. Jimla 89,950, ban da la'ada da sauran caje-caje da sunka kusa 1,700. Ashe maket oda ma'anarta ka ce ma dillali je ka sayo mani ko nawa ne, shi kuwa ya bi layin masu sayarwa yana kwasa daga mai araha har mai tsada sai adadinka ya cika. Wa zai aiki yaro kasuwa da irin wanga saƙo? Ko ɗan cikina ban ba shi wannan dama. Abin da ya ƙara ƙona mani rai, na koma allo na ga farashi na nan 4.20 bai motsa ba, don kasuwar tana da ƙa'ida cewa ƙananan ciniki ba su canza farashin da ake rubutawa sai an kai wani adadi, saboda haka asusuna ya yi ja tun ranar farko, wai ina cikin asarar kusan dubu 6 kafin in sha ruwa.

Washegari na kira lambarsu. Sai da na kira sau huɗu, kati ya tafi wajen sauraren kiɗa, daga ƙarshe wata mata ta ɗauka, kuma don Allah tana da haƙuri ba zan ci haƙƙinta ba. Turanci zalla, na tambaya ko akwai mai jin Hausa ta ce a yi haƙuri babu. Da guntun Turancina munka lallaɓa. Ta ce oga ka duba bid da ofa kafin ka saya? Na ce mi ne ne su? Ta yi shiru na ɗan lokaci sannan ta bi da ni a hankali har na gano kibiyar nan. Ina dannawa na ga layi biyu, masu taya a hagu masu sayarwa a dama, kowa da adadin da yake so. Tayi mafi girma a ranar 4.05 ne. Ta ce tazarar da ke tsakanin tayi da ofa ita ake ce ma sifred, in ka ga ta yi faɗi to kayan ba su da masu ciniki da yawa, ka yi hattara. Na ce to hajiya don mi ba ku rubuta haka a gaba ba? Ta ce akwai a shafin tambayoyi. Na je shafin, Turanci ne irin na lauyoyi, layi biyu na karanta kaina ya ɗau zafi.

Daga ranar ban sake taɓa maket oda ba sai limit. Limit oda tayi ne sak irin namu: na saya a kaza, in an sallama to, in ba a sallama ba a bar mani kuɗina. Haka wajen sayarwa, ka ce ƙasa da kaza albarka. Kana iya cewa tayin na yau kaɗai ne in an tashi kasuwa ya mutu, ko ka ba shi kwanaki yana jira. Aibinshi ɗaya, kana iya zama a layi kaya su wuce ka don ka tsaya kan kwabo biyar, ya taɓa faruwa da ni a wani kamfanin siminti, na taya ƙasa kaɗan ina jan aji, cikin sati biyu ya yi sama ya bar ni da tayina a hannu. Amma gara wannan sau goma. Kuma a layin nan wanda ya fi tayi mai tsoka shi ke gaba, in tayinku ɗaya to wanda ya riga zuwa, ba sanayya ba ɗan gidan wane, wannan kam ya burge ni don a kasuwarmu in Alhaji babba ya iso kai da ka kwana a wurin sai ka koma gefe.

Sannan maganar la'ada, wadda masu talla ba su taɓa faɗi. A takarduna in na haɗa kason dillali da na hukuma da kuɗin hatimi da VAT, shiga na cin kusan kashi 2 cikin 100, fita kuma ta ɗara haka kaɗan don akwai kason kasuwa da na CSCS. Kenan kaya sai sun tashi da sama da kashi 4 kafin ka dawo da uwar kuɗinka, ban da sifred. Masu cewa za su saya da safe su sayar da azahar su ci ribar shayi, to dillali suke yi ma aiki. Manhajar tana nuna jimlar cajin kafin ka tabbatar, na yaba da wannan, sai dai rubutun ƙanana ne kamar ƙwayar gero.

Sauran lambobin da ke shafin kamfani ba su da wuya in an faɗa maka. Akwai farashin buɗewa, akwai mafi tsada da mafi araha da anka yi a ranar, akwai na rufewa wanda shi ne gobe za a auna tashi ko faɗuwa da shi. Koren nan da jan nan da ke sa mutane hawan jini ba komi ba ne illa bambanci tsakanin yanzu da rufewar jiya, bai san nawa kai ka saya ba. Akwai mafi tsada da mafi araha na sati 52, wato shekara guda, wannan ina son shi don yana nuna maka ko a kaka kake saye ko a bazara, duk da dai hannun jari ba shinkafa ba ne da ka san in damina ta kama dole ta tashi. Sai bolum, yawan hannun jarin da anka yi ciniki a ranar. Da ban kula shi, yanzu shi nake fara dubawa kafin farashi, kuma ga dalili.

Wancan kamfani na 4.20, wata uku bayan na saya sunka fitar da rahoto marar daɗi. Daidai lokacin ina neman kuɗin fetur na injin ban ruwa da taki, shinkafa ta fara ɗaukar ciki ba ta jiran kowa. Na ce bari in sayar ko da asara ne. Na buɗe shafin nan na ga gefen dama cike da masu sayarwa, miliyoyi, gefen hagu kuwa wayam ba ko mutum ɗaya. Shi ake ce ma ful ofa, mu kuma kwantai muke ce mashi. A kasuwar NGX hannun jari ba ya faɗuwa ko tashi fiye da kashi 10 cikin 100 a rana ɗaya, to kowa ya jibge kayanshi a wannan ƙasan kuma ba mai taya. Ranar farko 3.78, ta biyu 3.41, ta uku 3.07, kullum ina shiga layi ana tashi kasuwa ba a iso kaina ba. Ka ga albasa ta fara ruɓa a rumfa ko banza kana iya samun mai kwasa a rabin kuɗi, nan kuwa ko rabin kuɗin ba ka da ikon sallamawa don doka ta ce iyakarka kashi 10. Dole na je wajen yayana na ranto kuɗin fetur, ya bi ni da kallo ya ce kai da ke da hannun jari a Legas? Ban ce komi ba. Kishiyar wannan shi ne ful bid, masu saye sun yi rububi ba mai sayarwa, kaya na tashi kashi 10 kullum kana kallo ba ka samu. A nan laifin manhajar da nake gani shi ne ba ta gargaɗi, tana iya rubuta ma mutum cewa kayan nan ba a cika cinikinsu ba kafin ya danna saye, ba ta yi.

Kuma ko ka sayar kuɗi ba su zama naka a take. Lokacin da na fara ƙa'idar T+3 ce, ranar ciniki da kwana uku na aiki kafin a kammala, Asabar da Lahadi da ranakun hutu ba su cikin lissafi. A lokacin in ka sayar Alhamis sai wani sati kenan. Bayan nan cirewa zuwa banki a manhajar nan na ɗaukar yini ɗaya, sau ɗaya ta kai kwana biyu har na fara zufa. Kasuwar kuma a lokacin daga 10 na safe zuwa 2:30 na rana take ci, daidai lokacin da nake ƙauye inda netwok sai ka hau tudu, kuma manhajar tana da nauyi, in sabis ya yi ƙasa sai ta tsaya tana juyi, ka danna sau biyu ka rasa ko odar ta tafi ko ba ta tafi ba. Sau ɗaya ta tafi sau biyu, Allah ya taimake ni limit ce na soke ɗaya.

Rabon riba, wato dibiden, shi ma sai da ya ɗan wanke ni. Wani kamfani ya sanar zai raba riba, na ce to bari in shiga in kwasa in fita. Ashe akwai ranar tantancewa, wanda sunanshi ke cikin rajista a ranar shi ke da rabo, kuma da an wuce ta kasuwa da kanta ke zabge daidai kuɗin ribar daga farashi. In kaya na naira 40 za a raba naira 2, za ka wayi gari ka gan su 38, shi ne ake ce ma eks-dibiden. Kamar ka sayi akuya mai ciki ne, in ta haihu kuɗin uwar ya sauka, ɗan ne cikon. Sannan a cikin naira 2 ɗin gwamnati na cire harajin kashi 10 tun daga sama, 1.80 ke iso ka. Kuma ba ta cikin manhaja suke zuwa ba, wani kamfani daban mai riƙe da rajistar masu hannun jari shi ke turawa banki, sai ka cike fom ɗin e-dibiden tukun. Ba wanda ya faɗa mani, na yi wata biyu ina leƙen asusu kamar mai jiran watan sallah.

Wannan fom ɗin ne ma ya jawo maganar Kawu. Na je Jega gaishe shi ina ba shi labari, sai ya tashi ya shiga ɗaki ya jawo wata tsohuwar adaka ta ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya fiddo wata leda da anka naɗe da tsumma, ciki takardu ne guda uku masu ado a gefe kamar shaidar gama makaranta, sun yi ruwan ƙasa, ɗaya ma gara ta ɗan taɓa kusurwarta. Satifiket ɗin hannun jarin banki ne da ya saya a 2007 lokacin yana aikin ƙaramar hukuma, zamanin da bankuna ke bin ma'aikata har ofis da fom bayan garambawul ɗin Soludo, gwamnan Babban Banki na wancan lokacin, da ya ce kowane banki sai ya tara jarin naira biliyan 25. Ya nuna mani wani wuri da yatsa ya ce kai yaro duba nan, kwabo 50 anka rubuta, ni kuwa sama da naira 20 na biya kowane ɗaya, tun ranar na san an cuce ni. Na ce Kawu ba nan cutar take ba. Wannan kwabo 50 ƙimar takarda ce kawai da kamfani ya yanka ma kowane hannu a littafinshi, ba ta da alaƙa da kuɗin kasuwa. Bankin Jaiz ma kwabo 50 ne a takarda amma a naira 1.25 ya shiga kasuwa a 2017, MTN kuwa kwabo 2 ne a takarda amma naira 90 ya shiga a 2019, kuma da sunka sayar ma jama'a a ƙarshen 2021 naira 169 anka saya. Abin da ya cinye su Kawu faɗuwar 2008 ce, ma'aunin kasuwar gaba ɗaya ya haura 66,000 a watan Maris na shekarar sannan ya rikito, cikin shekara guda ya koma wajen kashi ɗaya bisa uku. Kawu ya ce shi dai tun lokacin ya sallama ma Allah. Na ce ai ma'aunin nan ya wuce 100,000 tun Janairun 2024, kuma mai yiwuwa akwai ribar shekaru da ta taru da sunanka ba ka karɓa ba. Ya gyara zama ya ce to mi kake jira? Na tambayi masu manhaja ko suna maida tsohon satifiket zuwa CSCS, sunka ce suna yi amma sai an aika takardun Legas kuma sai sa hannu ya yi daidai da na 2007. Kawu da hannunshi ke rawa yanzu.

Wani abu da ya kamata sabon shiga ya cire a ranshi, wanda ni ma shi ya kai ni ga kamfanin 4.20, shi ne ganin cewa na naira 4 ya fi na naira 400 araha. Araha ba ta ado. Farashin hannu ɗaya bai gaya maka komi sai ka san hannu nawa kamfanin ya kasu, in ka ninka su da farashi shi ne kuɗin kamfanin kacokan a kasuwa, abin da suke ce ma maket kaf. Tiya da buhu ba a gwada kuɗinsu. Abin da ke nuna tsada ko araha shi ne wani lamba da manhajar ta rubuta P/E ba bayani ko ɗaya, wato farashi a raba da ribar da kowane hannu ya samar a shekara. Ni da injin casa na fahimce shi: in ka sayi inji miliyan 1 yana kawo maka dubu 200 a shekara bayan ka cire mai da gyara, P/E ɗinshi 5, shekara biyar ya maida kuɗinshi. In wani ya ce ka ba shi miliyan 4 a kan wannan injin, 20 kenan, sai dai in kana da yaƙinin aiki zai ninka. Haka dibiden yil, ribar da ake rabawa a auna da farashi, naira 2 a kan 40 kashi 5 kenan, sai ka tambayi kanka in ka sa kuɗin a shanshera nawa za su kawo.

Ɓangaren sukuk na manhajar, wato takardun zuba jari na Musulunci da ba ruwa a ciki, shi ne na fi jin daɗi kuma shi ne sunka fi yi ma riƙon sakainar kashi. Sukuk na gwamnatin tarayya ofishin kula da basussuka DMO ke fitarwa, na farko a 2017 na naira biliyan 100, shekara 7, kuɗin haya kashi 16.47, ana biya sau biyu a shekara, kuma kuɗin hanyoyi ake yi da su, duk mai bin manyan tituna ya ga allunan. Naira 1,000 ne kowane ɗaya in sabo ne. Amma in za ka saya ko ka sayar a kasuwa kafin wa'adi sai ka ga an rubuta 92 ko 104, na ɗauka naira ce, ashe kashi ne cikin 100 na ƙimar asali. In sabbin takardu sun zo da kaso mafi tsoka tsohuwa sai ta sauka ƙasa da 100, in sun zo da ƙasa ta hau. Haka takardun baitulmali na kwana 91 da 182 da 364, ni ban taɓa su don maganar ruwa ce, amma ko su lamban da ake nunawa ragi ne ba riba ba, in an ce 18 na shekara to 82 za ka biya a ba ka 100, wanda in ka auna da abin da ka fitar kusan 22 ne. Duk sun zuba su shafi ɗaya da sukuk ba rarrabewa. Kuma ba wani maɓalli da zai tace maka kamfanonin da sunka dace da shari'a, alhali kasuwar da kanta tana da ma'aunin Lotus na Musulunci tun 2012, ba bankin ruwa ba giya ba caca a ciki. Da kaina nake nemo jerin in riƙa gwadawa. In suna son kasuwar Arewa da gaske wannan aikin yini ɗaya ne a wurinsu.

To in an ce in ba ta maki, uku cikin biyar. Kuɗina ba su taɓa ɓata ba, duk abin da na saya na gan shi a saƙon CSCS, takardar ciniki na zuwa a ranar, wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar nan. Maki biyun da na riƙe na babban lamban nan ne da ke yaudarar ido, da maket oda da sunka zaɓa ma mutum tun kafin ya san mi ce ce, da rashin ko mutum ɗaya mai jin Hausa a layin waya. Wanda ya iya taya buhu a kasuwa zai iya da ita, amma ya fara da kuɗin da ba na taki ba, kuma ya nemo kibiyar nan tun ranar farko.

Kamfanin 4.20 har yanzu ina riƙe da guda 12,000, na samu na fitar da 8,000 a 3.30 da layin ya buɗe. Sauran na sa su a limit 4.55, sati na uku kenan suna zaune, tayi mafi girma jiya 3.85. Takardun Kawu kuma suna cikin jakata, ranar Litinin zan kai shi banki a gwada sa hannu, ya ce tun shekaranjiya yake gwaji a bayan kwalin sukari.